Yadda Ake Yi wa Ma'aikatan Ƙaramin Kamfani Inshorar Lafiya a Najeriya

Duk mai ƙaramin kamfani, ko gidan burodi ne, ko makarantar kuɗi, ko shagon ɗinki mai kekuna shida, ko ofishin samari masu rubuta manhajar waya, ya riga ya san cewa rashin lafiyar ma'aikaci a kansa take ƙarewa. Ranar da matar direba ta fara naƙuda cikin dare likita ya ce sai an yi mata aiki, ko ɗan mai gadi ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro har ana neman jini, wayar maigida ake fara kira, kuma kunya da zaman tare ba za su bar shi ya ce babu ba. Kuɗin yakan fita da sunan rance, rancen da mai bayarwa da mai karɓa duk suka san da wuya ya dawo. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma a ƙananan wuraren aiki wannan aljihu sau da yawa na maigida ne. Aikin inshorar lafiya shi ne ta mayar da wannan kuɗi mai zuwa ba sallama ya zama adadi sananne da ake warewa tun farkon shekara.

Mataki na farko shi ne ka san matsayinka a doka. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS da aka yi wa doka a 1999 aka fara aiki da shi a 2005. Babban bambancin shi ne sabuwar dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar, kuma ta ambaci wuraren aiki na gwamnati da masu zaman kansu da ke da ma'aikata biyar ko fiye. Wanda ma'aikatansa ba su kai biyar ba, su ma ma'aikatan nasa suna cikin mazauna ƙasa da dokar ta shafa, sai dai hanyar shigarsu ce ta bambanta. A watan Satumba na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa masu neman kwangilar gwamnatin tarayya, da masu neman lasisi ko izini daga hukumominta, su riƙa gabatar da takardar shaidar inshorar lafiya ta NHIA. Idan kamfaninka yana sa ran yi wa wata ma'aikata aiki, wannan takarda ta shiga layin takardun haraji da na fansho da aka saba nema.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin akwai wasu biyan kuɗi guda biyu masu kama da wannan. Kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, na raunin da aka samu ne ko cutar da aka kamu da ita a dalilin aiki. Inshorar rai ta rukuni da dokar fansho ta 2014 ta tanada kuwa, magada take biya idan ma'aikaci ya rasu. Babu ɗaya daga cikinsu da zai saya wa ma'aikacinka maganin hawan jini ko ya biya kuɗin awon cikin matarsa.

Mataki na biyu, ka ɗauki takarda ka ƙirga mutane, kuma wannan ƙirga ta fi yadda ake zato wahala. Ka rubuta sunan kowane ma'aikaci, shekarunsa, unguwar da yake kwana, ko yana da aure, matansa nawa, 'ya'yansa nawa da shekarunsu, da kuma ko akwai mai ciwon da ke buƙatar magani kullum kamar ciwon suga, hawan jini, asma ko sikila. Wannan tambaya ta ƙarshe a yi ta a keɓe, kuma kada takardar ta yi yawo a ofis, domin ciwon mutum sirrinsa ne. Dalilin ƙirgar iyali shi ne tsarin da aka saba da shi a inshorar gwamnati yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A gidajenmu kuwa akwai mai mata biyu da 'ya'ya tara, akwai mai riƙon marayun ɗan'uwansa, akwai wanda mahaifiyarsa tsohuwa ita ce ta fi kowa zuwa asibiti a gidan. Ana iya ƙara mutum a matsayin ƙarin iyali, amma da ƙarin kuɗi. Idan ba ka yanke tun yanzu wa zai biya wannan ƙari ba, za ka bar ma'aikaci da zaɓen wace mata zai rubuta da wace zai bari, kuma inshorar da aka yi don a samu sauƙi ta zama sanadin rigima a gidan mutum. Shawarar da ta fi adalci a ganina ita ce kamfani ya faɗi a fili adadin mutanen da zai ɗauka wa kowane ma'aikaci, ya kuma buɗe ƙofar cewa duk mai son ƙara wani zai iya, a riƙa cire kuɗin daga albashinsa kaɗan-kaɗan a wata.

Haka nan ka yanke shawara a kan yaran shago da masu koyon sana'a da masu aikin yini, waɗanda ba su da albashi tsayayye amma su ne suka fi taɓa injin da wuta. Mai hankali ba zai cire su ba don kawai sunansu ba ya cikin takardar albashi.

Mataki na uku shi ne sanin ƙofofin da ke gabanka, kuma guda uku ne. Ta farko ita ce NHIA kanta, wadda ke da ofis a kowace jiha. Tana da tsarin kamfanoni masu zaman kansu, inda ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce maigida ya biya kashi 10 cikin 100 na tushen albashin ma'aikaci, wato albashi ban da alawus-alawus, shi kuma ma'aikacin a cire masa kashi 5. A ce tushen albashin mutum naira 70,000 ne a wata, kamfani zai ba da 7,000, ma'aikaci 3,500, jimilla naira 126,000 ke nan a shekara, ta rufe shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ga magidanci mai iyali wannan lissafi yana da kyau ƙwarai, amma ga kamfanin da yawancin ma'aikatansa samari ne marasa aure, ana biyan kuɗin kujeru shida ne mutum ɗaya na zaune. Irin wannan kamfani ya fi dacewa da ɗaya tsarin na hukumar mai suna GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da rukunoni, inda ake biyan kuɗi tsayayye a kan kowane mutum a shekara ba tare da duba albashi ba. A farkonsa kuɗin rukuni na mutum goma ko fiye naira 15,000 ne a kan kowane kai, amma tsadar magani ta sa hukumar ta ƙara abin da take biyan asibitoci tun daga 2024, don haka farashin da za ka yi lissafi da shi shi ne wanda ofishin ya ba ka a rubuce a ranar da ka je. Wanda ma'aikatansa ba su cika rukuni ba yana iya shiga ta ƙungiyar sana'arsu, kamar ƙungiyar teloli ko ta masu gidajen burodi.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar jiha. Kano tana da KSCHMA, Kaduna tana da KADCHMA, Jigawa tana da JICHMA, Filato tana da PLASCHEMA, Legas tana da LASHMA mai tsarin Ilera Eko, Abuja kuma tana da nata tsarin na babban birnin tarayya. Yawancinsu sun fara ne da ma'aikatan gwamnatin jiha sannan suka buɗe wa 'yan kasuwa da kamfanoni. Sau da yawa su ne mafi araha, kuma asibitocinsu sun kai har ƙananan hukumomi, abin da ke da amfani ga mai kamfanin sarrafa shinkafa ko gonar kaji a bayan gari. Rauninsu shi ne katin yakan tsaya a iyakar jiha. Idan kana da direbobi masu zuwa Legas ko Fatakwal, ko wani ma'aikaci da iyalinsa ke zaune a wata jiha, sai ka tambayi abin da zai faru idan ciwo ya kama shi a can.

Ƙofa ta uku ita ce kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu da aka fi sani da HMO, irin su Hygeia, AXA Mansard, Avon, Reliance da Leadway. Su ne suka fi tsada, su ne kuma ke da manyan asibitocin kuɗi da tsare-tsare hawa-hawa, daga na zazzaɓi da ƙananan gwaje-gwaje zuwa mai ɗauke da tiyata da haƙori da tabarau. Wasu suna da mafi ƙarancin adadin ma'aikata da za su karɓa a matsayin kamfani, wasu kuma sun keɓe tsari na musamman ga ƙananan kamfanoni. Duk wanda za ka yi hulɗa da shi, ka tabbatar sunansa yana cikin jerin waɗanda NHIA ta amince da su, kuma idan takardar shaidar neman kwangila kake buƙata, ka tambayi ofishin hukumar ko tsarin da kake shirin saye zai ba ka damar samunta.

Ba zai yiwu a wuce nan ba tare da taɓa abin da ke zuciyar masu sana'a da yawa ba, wato hukuncin inshora a addini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambanta inshorar kasuwanci, wadda ta hana, da inshorar taimakon juna da ake ginawa a kan kyauta da haɗin kai, wadda ta halatta. Wannan bambanci ne ake gani a sunan da jihohin arewa da dama suke kiran tsarinsu da shi, wato taimakekeniyar lafiya: kowa ya zuba, wanda Allah ya jarrabta da ciwo a yi masa magani daga asusun. Idan a cikin ma'aikatanka akwai mai shakka, ya fi kyau a ba shi takardun tsarin ya kai wa malamin da ya yarda da shi, da a cire masa kuɗi yana ƙyamar abin a ransa.

Mataki na huɗu, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi, shi ne ka fara da asibiti kafin ka duba farashi. Wakilin kamfanin inshora zai zo da takarda mai sheƙi ɗauke da sunayen asibitoci ɗaruruwa, amma ma'aikacinka asibiti ɗaya zai je, wanda ke kusa da gidansa. Ka koma kan takardar ƙirgarka ka duba unguwanni: a Kano misali, wanda ke kwana a Rijiyar Lemo ba zai ɗauko yaro mai zazzaɓi da ƙarfe biyun dare zuwa Hotoro ba don kawai can ne sunan asibitin ya fito a jeri. Ka zaɓi asibitoci biyu ko uku da suka dace da yawancin mutanenka, sannan ka je da ƙafarka. A kowane asibitin da ke karɓar inshora akwai teburin masu kula da ita, kuma ma'aikatan wannan tebur sun fi kowa sanin gaskiya. Ka tambaye su wane kamfani ne ke biyansu a kan lokaci, wane ne suke bi bashi, wane ne suka taɓa dakatar da karɓar katinsa. Ka leƙa ɗakin magani ka tambaya ko masu kati suna samun magani a nan, ko rubuta musu ake yi a ce su je waje su saya. Amsar da za ka samu a wannan ziyara ta rabin yini ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Dalilin haka yana cikin yadda kuɗin yake tafiya. A tsarin gwamnati, asibitin da ma'aikaci ya zaɓa a matsayin asibitinsa na farko ana biyansa kuɗi tsayayye a kan kowane mutum a wata, ya zo ko bai zo ba, kuma daga cikin wannan kuɗi asibitin zai yi masa maganin ƙananan cututtuka. Idan ciwon ya fi ƙarfin matakin farko, kamar tiyata ko ganin likitan ƙashi ko na zuciya, sai asibitin ya nemi lambar izini daga kamfanin HMO da ke kula da rajistar, sannan a yi aikin ko a tura majinyaci babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a biya kuɗin aikin daban. Duk inda kuɗin wata ya yi jinkiri, ko lambar izini ta ƙi fitowa, majinyaci ne yake zaune a benci yana jira. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa ba da wannan izini cikin sa'a ɗaya, kuma yana da kyau ma'aikatanka su san da wannan umarni.

Mataki na biyar shi ne karanta yarjejeniyar, musamman shafukan baya masu ƙananan rubutu. Ka nemi farashi a rubuce daga wurare uku aƙalla, ka jera su a kan tambayoyi iri ɗaya. Nawa ne iyakar abin da za a kashe wa mutum ɗaya a shekara, kuma shin tiyata da kwanciya asibiti suna da tasu iyakar daban? Kwana nawa na kwanciya aka yarda da su? Awon ciki da haihuwa suna ciki, har da haihuwa ta hanyar tiyata, kuma jaririn da aka haifa yana cikin katin uwarsa har tsawon wane lokaci kafin a yi masa nasa? Me aka ce game da ciwon da mutum ya shigo da shi? Kamfanoni masu zaman kansu sukan sa lokacin jira a kan haihuwa da tiyata da cututtuka masu daɗewa, wani lokaci har shekara guda, abin da ke nufin ma'aikaciyar da ta shiga da ciki wata uku za ta haihu ba tare da katin ya amfane ta ba. Wannan sharaɗi ana iya yin ciniki a kansa idan rukuni ne, kuma ya cancanci a yi. Ka duba jerin abubuwan da aka cire gaba ɗaya ko aka taƙaita, waɗanda galibi suka haɗa da wankin ƙoda, maganin ciwon daji, neman haihuwa da magani a ƙasar waje. A tsarin gwamnati kuma an saba majinyaci ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ƙaramin abu ne amma idan ba a faɗa wa mutum ba zai ɗauka cutarsa aka yi.

Daga nan sai maganar kuɗi. Ka yanke ko kamfani ne zai biya duka ko za a raba, kuma idan za a raba, a rubuta yarjejeniya kowane ma'aikaci ya sa hannu kafin a taɓa albashinsa. Sabon kamfani da kuɗin shigarsa bai daidaita ba gara ya ɗauki ƙaramin tsarin da zai iya biya kowace shekara ba fashi, da ya ɗauki babba ya kasa sabuntawa, domin katin da ya mutu yakan sa a sake jiran farko idan aka dawo. Ka tambaya ko ana karɓar biya kashi biyu ko huɗu a shekara. Ka biya ta asusun banki mai sunan hukumar ko kamfanin, ba ta asusun wakili ba, ka kuma adana rasit. Mai yi maka lissafi ya lura cewa gudummawar ma'aikaci ga inshorar lafiya ta ƙasa tana cikin abubuwan da ake cirewa kafin a lissafa harajin albashi.

Rajistar kanta ba ta da wuya. Za a nemi takardar rajistar kamfani ta CAC, jerin ma'aikata, hotunan kowa da na iyalinsa, lambar NIN, takardun haihuwar yara, da sunan asibitin da kowane mutum ya zaɓa. Ka duba rubutun sunaye da kyau, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata ya isa ya sa a tsayar da mutum a teburin asibiti. Ka tambayi ainihin ranar da katin zai fara aiki, tunda ba ranar biya yake farawa ba a mafi yawan tsare-tsare, kuma kada ka sanar da ma'aikata cewa an gama sai asibitin ya tabbatar sunayensu sun iso gare shi.

Mataki na gaba mutane sukan raina shi, alhali a nan yawancin inshorar ƙananan kamfanoni take lalacewa. Ka tara ma'aikata ka yi musu bayani da Hausa ko da yaren da suke ji, ba ka miƙa musu kati kawai ba. Su san asibitinsu, su san cewa a can za su fara zuwa sai dai a halin gaggawa, su san abin da katin ba ya biya, su kuma ajiye lambar wayar kamfanin inshorar a wayoyinsu da na matansu, domin sau da yawa mijin yana wurin aiki matar ce za ta kai yaro. A gaya musu a fili cewa ba a ba da aron kati, ko ga ƙane ko ga maƙwabci, domin idan aka gano hakan kamfanin inshora na iya soke rajistar. Ka naɗa mutum ɗaya a cikinsu, ko kai da kanka, wanda za a kira idan asibiti ya ƙi karɓar kati, ya kuma riƙa rubuta kowane ƙorafi da rana da sunan asibiti. Ƙorafin a fara kai shi ga kamfanin inshorar, idan bai warware ba a rubuta wa ofishin NHIA na jiha ko hukumar jihar, tare da rasit na duk abin da aka tilasta wa ma'aikaci ya biya daga aljihunsa.

A cikin shekara, duk wanda aka ɗauka aiki, ko ya yi aure, ko aka yi masa haihuwa, a sanar da kamfanin inshorar a rubuce cikin makon, haka ma wanda ya bar aiki, tare da tambayar ko za a iya maye gurbinsa da sabon ma'aikaci ba tare da sabon biya ba. Saura wata biyu yarjejeniya ta ƙare, ka nemi kamfanin ya ba ka bayanin yadda mutanenka suka yi amfani da katin, a dunƙule ba tare da bayyana ciwon kowa ba, ka ajiye shi kusa da littafin ƙorafe-ƙorafe da sabon farashin da suka kawo. Idan mutanenka sun je asibiti an duba su sun samu magani, ƙarin farashi mai ma'ana abin karɓa ne. Idan kuwa littafin ya nuna cewa kai ne ka ci gaba da tura kuɗin magani ta waya kamar da, sai ka koma teburin asibitocin nan da ka ziyarta tun farko ka sake tambayar wane kamfani ne ke biyansu a kan lokaci a bana, sannan ka nemi farashinsa tun kafin tsohon katin ya mutu.